Amshin Waƙar Dakan Gwaggo

Ni dai aikina ke nan, bin magana. Wasu na binciken ƙasa, wasu na binciken cuta, ni kuwa abin da na ɗauka a jami'a shi ne nau'o'in zance: yadda gaisuwa ta bambanta da ciniki, yadda nasiha ta bambanta da faɗa, inda kowanne ke farawa da inda yake tsayawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, alƙali ne, kuma har ya koma ga Allah bai yarda wannan aiki ne ba. Yakan ce, "Wato ke gulma kike karanta, har da digiri." Kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

A kundin bincikena, babin da na fi shan wuya a kansa shi ne na waƙar daka, kuma gwaggona ce ta ba ni shi kusan duka. Ƙanwar mahaifina ce, aure ya kai ta wani ƙauye a bayan Gurbin Bore, can ƙasar Zurmi. A lokacin hanya lafiya lau take. Sai in hau mota daga Kaura Namoda, in ƙarasa da babur, in shimfiɗa tabarma a gindin rumbu in kunna rikoda. Gwaggo ba ta daka ita kaɗai. Tana da aminiya, wata doguwar mata mai wushirya, danga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma tun suna amare turminsu ɗaya. Taɓarya biyu, wannan ta sauka waccan ta tashi. Gwaggo ta jefa baiti, aminiyar ta amsa.

Abin da na gano, na cika shafuka da shi ina ta washe baki, shi ne amshin nan ba hadda ba ne. Mai amsawa da abin da ta sani na gidan take amsawa, a nan take. Wata rana mijin Gwaggo ya tafi kasuwa tun da hantsi, har la'asar babu shi babu cefane. Da ya shigo, Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba, sai ta rera cewa wanda ya tafi kasuwa ko hanya ce ta ɓace masa. Aminiyar ta karɓe, ta ce hanya na nan inda take, bencin mai shayi ne ke da ƙaro. Bawan Allah ya yi tari, ya ajiye ledar kuɓewa, ya sulale waje. Ni kuwa dariya ta sa na kusa kifar da rikodar.

Ba raha kaɗai ake yi a wurin ba. Gwaggo ba mai magana ba ce. Ko ciwo na cin ta, in ka tambaye ta a zaune, "alhamdu lillahi" za ka samu, ka tashi da ita. Duk abin da ke ranta a bakin turmi yake fita, kuma sai in akwai mai karɓa. Da mijinta ya rasu ba ta yi hawaye gaban masu gaisuwa ba. Sai da aka watse ta jawo turmi, aminiyar ta tsallako danga da taɓaryarta ba tare da an kira ta ba. Ranar na kashe rikoda.

Sai mutanen daji suka zo. Ba zan tsaya ba da labarinsu ba, duk wanda ke ƙasar nan ya san shi, kuma na gaji da shi. Da damina ne, gero ya yi tsawo. Ƙauyen ya watse, kowa ya yi ta kansa. Wani mai babur ne ya kawo mini Gwaggo gida daga Zurmi, ƙafafunta a kumbure, duk ƙaya. Waɗanda suka tsira sun ce sun gan ta ita da aminiyar sun fita tare, hannu riƙe da hannu, sun shige gona. Gwaggo kaɗai ta fito.

Aminiyar tana da ɗa, magidanci ne mai iyali, manomi, ya samu wani kangon gida a nan bayan garinmu ya zuba yaransa. Shi ya fara zuwa zaurena. Ya duba Zurmi, ya duba Shinkafi, har Jangeru ya kai don ya ji an ce wasu sun yi can. Babu labari. Liman ya ce masa ba a zaman makoki a kan zato. Mutane kuma sun rasa gaisuwar da za su yi masa. In sun ce Allah ya jiƙanta, sun kashe masa uwa. In sun ce Allah ya bayyana ta, sun ƙara tura shi daji. Sai su miƙa masa hannu su yi ta ƙunƙuni. Mutum ɗaya ce ta san abin da ya faru a gonar nan, kuma tana cikin ɗakina tana jan carbi.

Gwaggo tana gaisawa da kowa, tana salla, tana ɗan taɓa tuwo. Amma da an ɗauko zancen, sai ta ce, "Allah ya sani," ta kawar da kai. Na lallaɓa ta. Na sa matar liman ta zo. Na kai ta asibiti, likita ya ce firgita ce, a bi ta a hankali. Ni kuwa haƙurina ba shi da yawa, kowa a gidanmu ya sani. Wata rana na fashe.

Na ce, "Haba Gwaggo, mutumin nan uwarsa ce fa. Ko kalma ɗaya ce ki ba shi, ya san inda zai sa kansa."

Ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, kin ci abinci?"

Wallahi ji na yi kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Na shiga kicin na yi kuka, na fito na ba ta haƙuri.

Daga baya tunanin turmi ya zo mini. Mu a gidana inji muke kaiwa, ƙaramin turmin jajjage kawai gare ni. Na aro babba a maƙwabta, na samo gero, na roƙi wata dattijuwa a layinmu ta zo ta taya ta. Gwaggo ta tashi kuwa, ta ɗaura zane, ta kama taɓarya. Suka surfa gero tas, dattijuwar tana ta jan ta da waƙoƙin ƙasarsu, Gwaggo ba ta ce uffan ba. Ba ta san matar ba, matar ba ta san ta ba.

To, saura ni. Na zauna na saurari duk abin da na ɗauka a shekarun baya, muryar aminiyar na fitowa daga na'ura garau, da dariyarta. Na haddace amsoshinta ɗaya bayan ɗaya. Ina haddacewa ina jin haushin kaina, don ni da hannuna na rubuta cewa amshi ba ya haddatuwa. Na sani sarai. Amma ban da wata dabara, kuma ɗan aminiyar sai ramewa yake.

Na aika masa ya zo da hantsi ya zauna a zaure, inda zai ji ba a gan shi ba. Na yayyafa wa geron ruwa, na zuba a turmi, na ɗauki taɓarya ɗaya na miƙa wa Gwaggo ɗayar. Ta yi mini wani kallo, don ta san hannuna ya fi sabawa da alli. Da farko sai karo muke, tawa ta bugi tata, gero na tsalle yana zuba, kaji suna ta murna. Sai ta rage sauri har na kama. Ta sauka, na sauka. Kafaɗuna suka fara zafi, tafin hannuna ya fara tashi, na cije na ci gaba.

Can sai na ji muryarta, a ƙasa-ƙasa, a dishe. Tun zuwanta ban ji ta haka ba.

"Ke doguwa, bana gero ya fi ki tsawo."

Ta bar gurbi. Taɓaryata ta sauka a cikinsa. Duk abin da na haddace ya taso mini, na mai shayi, na akuyar da ta ci shanya, na ruwan da ya ƙi zuwa, babu ko ɗaya da ya shafi gonar nan. Ban shiga geron nan ba. Ban san ko faɗuwa ta yi ba, ko kama ta aka yi, ko ita ce ta saki hannun ta ce wa Gwaggo ta gudu. Wadda za ta amsa ita ce ake nema. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da na iya.

Na ce, "Sai me ya faru, Gwaggo?"

Ba ta dube ni ba. Ta sake rera baitin, tana kallon katangar hagu, ɓangaren da dangarsu take a can gida. Ta sake barin gurbi, wannan karon ya fi tsawo, taɓarya na ta sauka. Ni dai hawaye kawai nake yi cikin gero. Sai ta tsaya, ta share bakin taɓaryar da hannu, ta jingine ta.

Ta ce, "Surfen ya yi. A bakace." Ta shige ɗaki.

Na fita zaure. Yana tsaye, hularsa a hannu.

Ya ce, "Malama, na ji muryarta. Mi tac ce?"

Na maimaita masa baitin.

Ya ce, "Daga nan fa?"

Na ce, "Daga nan wurin innarka ne."

Sannan ya ce yaransa kullum suna tambayarsa kakarsu, shi kuma ya rasa abin ce musu, ko ni da na yi karatun abin zan iya gaya masa ma'anar maganar. Na ce masa ban sani ba. Kunya ta kama ni, amma ba zan ƙirƙira masa mutuwa ko rayuwa daga baiti ɗaya ba. Ya gyaɗa kai, ya sa hularsa, ya ce ya ji an ga wasu mata a wani ƙauye gefen Shinkafi, gobe zai leƙa.

Na sake jawo turmin bayan nan, ba sau ɗaya ba, Gwaggo ba ta ƙara taɓa taɓarya ba, har na mayar wa masu shi. Shi kuwa har yanzu yana zuwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambaye shi yara. Bai daina nema ba, kuma babu wanda ya iya ce masa ya daina.