Mutanen Dajin Kawu Maharazu

A tashar motar Sakkwato na fara jin muryar Kawu Maharazu tana fitowa daga wayar wani mutum da ban sani ba. Ranar Talata ce da hantsi, na je karɓar saƙo. Direbobi huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, maganar tana ta maimaita kanta: "Ni ka kai ma mutanen daji magani. Duk inda suke, na san hanya." Sai kukan akuya, sai ta yanke, sai ta sake farawa. Na san akuyar nan. Tana ɗaure kusa da ƙafata lokacin da na ɗauki maganar da wayata, kwana tara kafin ranar. Ɗaya daga cikin direbobin ya tofar da yawu ya ce, "Ka ji tsohon banza, da bakinai." Na bar tashar ban karɓi saƙon ba.

Kawu Maharazu yayan mahaifiyata ne. A Kalmalo aka haife shi, gidan masunta, amma shi kaɗai a gidan bai taɓa son ruwa ba. Yana da shekara goma sha biyu wani Bafulatani da ke shayar da shanu a bakin tafki ya ga yadda yake cire wa maraƙi kaska ba tare da maraƙin ya yi tsalle ba, ya roƙi kakanmu ya ba shi shi. Shekara bakwai ya yi a ruga. Ya dawo da Fulatanci a bakinsa, da sanin ciwon dabba tun daga yadda take tsayuwa. Daga nan ya kafa tebur a karar Illela, wato kasuwar dabbobi, yana sayar da kanwa da gishirin lasa, daga baya ya ƙara da allura da maganin tsutsa da na ciwon hanta. Shekara arba'in ke nan, kowace Lahadi yana wurin, ƙarƙashin rumfa guda.

Abu biyu aka san shi da su: tsohon babur ɗinsa, da rediyon da yake ratayawa a wuya da igiyar buhu. Bai yi boko ba, amma babu labaran da ke wuce shi. In gardama ta tashi a kara, shi ake kira. Yakan ɗaga rediyon ya ce, "Wagga ta hwaɗi, magana ta ƙare." Abokinsa Mukhtari mahauci, wanda rumfarsa ke kallon tasa, yakan ce masa, "Kai ko rediyo ta ce Tasalla ba matarka ba ta, sallamarta za ka yi." Kawu ya ce, "In ta maimaita sau biyu, sai in duba."

Da aka rufe iyaka, shanun da ke shigowa daga Nijar suka ragu, kara ta yi sanyi. Kawu bai zauna ba. Ya riƙa ɗaure kwalin magani a bayan babur yana bin makiyaya har rugagensu, wajen Garu da bayan Gidan Katta. Tun yana yaro, a bakinsa da bakin sa'o'insa, makiyayan nan su ne mutanen daji, mu kuma mutanen gari. Haka ya tashi yana faɗa, su ma haka suke kiran kansu in sun shigo cin kasuwa. Bai lura ba cewa a 'yan shekarun nan kalmar ta sauya hannu. A rediyo da wayoyi, in an ce mutanen daji, masu bindiga ake nufi, waɗanda ake tsoron kiran sunansu.

Ni ya kamata in lura. Aikin jarida na karanta a jami'a, na gama, na dawo gida babu aiki. Don kada hannuna ya mutu na buɗe shafi a Fesbuk ina saka hira da tsofaffin masu sana'a. Kawu ne na huɗu. Da na saita masa waya ya gyara hula ya ce, "Ɗan boko, yau ni ma zan shiga rediyo?" Na ce, "Kawu, wannan ta fi rediyo, har fuskarka za a gani." Minti goma sha ɗaya ya yi yana magana a kan shanu. A tsakiya ya faɗi waccan jimla, ya bi ta da sunayen ardo uku da yadda ake yi wa saniya allura a wuya. Na saurara sau biyu kafin in saka. Kunnena na ɗan gida ne, ban ji komai ba.

Ban san wanda ya yanko daƙiƙa goma sha huɗu daga ciki ba. Ya ɗora hoton Kawu, ya rubuta a ƙasa da jan rubutu cewa ga mai yi wa 'yan bindiga magani ya tona kansa. Ranar Laraba wani gidan rediyo ya saka muryar a shirinsa na yamma da ake buga waya. Mai gabatarwa ya ce sau ɗaya, da sauri, ba su tabbatar ba tukuna. Sannan ya saka ta sau huɗu. Wani ya bugo ya ce an sace ƙanensa bara, irin waɗannan tsofaffi ne ke nuna hanya. Wata ta bugo tana kuka. Ban ga laifinsu ba, abin da ya same su gaskiya ne. Amma kafin a rufe shirin babu mai cewa "in da gaske ne", kowa "a kama shi" yake cewa.

Kawu ya ji shirin da kunnensa, a tsakar gida, rediyon na rataye a wuyansa. Na same shi zaune a kan turmi, Inna Tasalla matarsa tana tsaye da ludayi a hannu ta manta da tukunya. Na durƙusa na ce, "Kawu, ni na ja maka." Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Muryata ce, Jabir. Ba su ƙara ko harafi ba. To mi niy yi?" Na yi masa bayanin yadda ake jin kalmar yanzu. Ya ce, "Su Ardo fa? In ba mutanen daji ba, mi zan kira su?"

Na sake saka cikakkiyar hirar, na rubuta bayani. Mutum sittin da uku suka kalla. Guntuwar kuwa ta wuce dubu arba'in. Na shiga mota na je gidan rediyon, na jira awa uku a benci, wani ya karɓi lambata ya ce za su duba. Da na dawo, mai shayin unguwarmu, wanda Kawu ya taɓa ceto masa tunkiya, ya ce mini a hankali, "Ni na san shi. Amma ka san rediyo ba ta hwaɗin abu haka kawai." Maganar Kawu ce ya maido mini, bai ma sani ba.

Inna Tasalla ta roƙe shi ya tsallaka Ƙonni wurin 'yarsa har ƙura ta lafa. Ya ƙi. Ya ce in ya tafi ya amsa laifi ke nan, kuma akwai shanun da ya yi wa allurar farko, saura ta biyu. Ranar Lahadi ya shimfiɗa kayansa a kara kamar kullum. Har azahar babu wanda ya tsaya a teburinsa, makiyayan ma suna tsoron a gan su tare da shi. Mukhtari kaɗai ya tsallako ya zauna, ya ce, "To malam rediyo, yau sau nawa ta maimaita?" Kawu ya yi murmushi. Ina can gefe lokacin da 'yan sa-kai shida suka iso. Mutane suka taru da sauri, wasu da duwatsu. Mukhtari ya tsaya a gaban Kawu da wuƙar fawa a ƙugu yana rantsuwa da Allah cewa ya san mutumin nan tun kafin a haifi rabinsu. Wannan ne ya sa aka miƙa Kawu ga jami'an tsaro da ransa. Kafin ya shiga mota ya cire rediyon daga wuya ya ba ni. Ya ce, "Kai ma Tasalla."

Washegari aka wuce da shi Sakkwato. Na kai wa wani lauya cikakkiyar hirar, ardo biyu kuma sun yarda su ba da shaida, na ukun ya kwashe shanunsa ya bar yankin. Gidan rediyon bai kira ni ba. Na rufe shafina, kuma duk lokacin da na ji waya na magana a hannun wani sai in bar wurin.

Yau kwana goma sha biyu da aka wuce da shi. Rediyon yana rataye a ƙusa a ɗakin Inna Tasalla, tana kunna shi lokacin kowane labarai ko za ta ji sunansa, ba a sake ambatarsa ba. Lauyan ya ce zai bugo ranar Alhamis ya gaya mana ko za a sake shi ko za a kai shi kotu. Yau Asabar, bai bugo ba.