Injiniya Sabiru da Masarar Hayaƙi

Ƙanin mijina ne, don haka ina da damar kiran sunansa gatsal, kuma zan kira: Sabiru. Shi ya fi son a ce masa Injiniya. Ban san wanda ya naɗa shi ba. Mun dai wayi gari mun ga ya rubuta a bayan babur ɗinsa da jan fenti, har da kuskure a rubutun.

Shekarata goma sha shida a gidan nan, ban taɓa ganin Sabiru ya kai kunya ɗaya ƙarshe da fartanya ba. Zai fita gona da sassafe yana cika baki, kafin hantsi ciwon baya ya tashi, sai a gan shi gindin darbejiya yana danna waya. Wallahi tafin hannunsa ya fi na jaririyata laushi. Sau biyu ya zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, sau biyu bai ci ba, amma har yau in yana zuba sai ka ji ya ce, "Lokacin da muke Dawakin Tofa." Kwana biyu ne fa duka duka, ranakun jarrabawar.

Ya yi kiwon kajin gidan gona a ɗakin kwano, a tsakiyar zafi. Cikin mako uku muka kwashe su matattu a kwando. Ya yi kiwon kifi a tamfol, a garin da sai ka zura guga gaba ashirin kafin ka taɓa ruwa. Ni da matarsa Nazira muka sha jan ruwa har kafaɗunmu suka sage, kifin kuma magen maƙwabta ce ta ci moriyarsu. Kowane karo laifin ba nasa ba ne, na "mutanen ƙauye" ne da ba su waye ba. Sai ka rantse a jirgin sama aka haife shi, ba a ɗakin da yanzu muke ɗaure awaki ba.

Duk wannan da sauƙi, dariya muke yi. Abin da ya sa na daina dariya shi ne masarar Inna.

Inna ita ce ta haifi mijina da Sabiru. Tana da wata masara da ta zo da irinta daga gidan iyayenta a Shanono, ranar da aka kawo ta amarya, a ƙulle a bakin zani. Gajeriya ce, ja-ja, zangarniyarta ba ta wuce tsawon tafin hannu da kaɗan. In ka gan ta a kasuwa ba za ka waiwaya ba. Amma tana nuna da wuri, tun gero bai fid da kai ba, daidai lokacin da rumbu ya koma sai ƙura da kashin ɓera. Kuma ba ta neman komai sai takin awaki da tokar murhu. Inna na kiranta Rufa-asiri. Ta ce shekara hamsin ba ta taɓa ɗaukar ƙwarya ta shiga gidan wani neman hatsi ba, kuma bayan Allah, masarar nan ce sila.

Kowace kaka Inna da kanta take shiga 'yar gonar jikin gida, ta bi layi-layi, ta zaɓi waɗanda suka riga nuna kuma iska ba ta kwantar da su ba. Sai ta ɗaure su biyu-biyu da ɓawonsu, ta rataye a sandar da ke saman murhu, hayaƙi ya yi ta dukansu har su yi baƙi ƙirin, ƙwari ba sa kusantarsu. Sauran masarar mu ci abinmu. Mu murje ta da hannu, zangarniya a jikin zangarniya, har babban yatsa ya yi kanta, mu surfa a turmi, mu wanke, mu shanya, a kai inji. Amma ta hayaƙi ba mai taɓawa sai hadari ya fara haɗuwa. A ranar ne Inna za ta sauke, ta ɓantare ƙwayoyin kai da na gindi ta watsa wa kaji, na tsakiya kaɗai take shukawa. Ko yaran gidan sun san wannan. Sabiru ma ya sani sarai.

To, bara da bazara sai ga Injiniya da sabuwar sana'a. Ya sa wani mai walda a Ɗanbatta ya haɗa masa injin casar masara, wata ganga da haƙoran ƙarfe a ciki, aka jona ta da tsohon injin ban-ruwa. Aka sauke a ƙofar gida, ya zagaye shi sau bakwai yana shafawa.

Na ce, "Injiniya, Allah ya sa albarka. Amma wace masarar za ka casa? Yau saura kwana nawa ruwa ya sauka?"

Ya ce, "Matar Yaya, ke dai tsaya a murhunki. Wannan harkar ta masu ilimi ce."

Mai ilimi! Mutum ya sayi injin casa a watan da ko zangarniya ɗaya babu a garin nan. Kowa ya murje tasa tun kaka, an ci, an cinye. Ya yi kwana uku yana bin gidaje, har ƙauyen gaba ya je, ya dawo da ƙura a gira. Ga shi ya riga ya gayyaci mutanen majalisa su zo ranar Laraba su ga abin mamaki, ya kuma shirya da abokinsa Abdulkabir ya ɗauka a waya a watsa wa duniya.

Ranar Larabar muka tafi suna a Dawakin Tofa, ni da Inna. Mijina, Malam, yana makarantar da yake koyarwa. Nazira kaɗai aka bari a gida, kuma ita ta ba ni labarin abin da ban gani ba. Ta ce ya shigo madafi, ya ɗaga kai, ya kife turmi ya taka. Ta riƙe masa riga ta ce, "Don girman Allah, irin Inna ne." Ya fizge ya ce wane iri, wannan gajeriyar abar da hayaƙi ya cinye? Shi zai sayo wa Inna iri na zamani, na cikin leda mai hoto, zangarniya kamar damtsen mutum. Ya kwashe duka, ɗauri talatin, bai bar ko ɗaya ba.

Na ga hoton bidiyon daga baya a wayar Nazira. Ga shi nan tsaye da baƙin tabarau, yana jawabi, yana jefa Turanci ɗaya-ɗaya. Injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama ƙara. Cikin minti uku aikin ya ƙare, saboda masarar ba ta cika tiya biyu ba. Dattawan da suka zo suka tsaya suna kallon juna. Ana jin wani tsoho a bayan hoton yana cewa, "Kai, wannan ba ta hayaƙi ba ce?" Don ya nuna musu daga zangarniya zuwa gari a sa'a guda, Sabiru ya juye ta a buhu, ya ɗaure a babur ya kai injin niƙa. Ba surfe, ba wanki, ba komai. Haka aka niƙe ta da dusarta da baƙin hayaƙinta.

Da la'asar muka dawo. Inna ta shiga madafi don ta sha ruwa a randa, ta ɗaga kai kamar yadda ta saba. Na ga ta tsaya. Sandar na nan, sai ɓawo guda biyu suna lilo.

Ni ce na yi ihun. Na fito tsakar gida da ludayi a hannu, na ce masa abin da ban taɓa ce wa namiji ba. Na ce, "Sabiru, kai wane irin mara tunani ne? Kaji ka kashe, kifi ka kashe, yanzu uwarka ka juyo wa?" Ya ce in iya bakina, ba a yi wa injiniya tsawa. Malam ya dawo ya tarar da mu, ya ji abin da ya faru, ya zauna a bakin rijiya ya dafe kai yana salati. Shi mutum ne mai sanyi, wani lokacin har sanyin ya yi yawa.

Inna ta buɗe buhun, ta ɗebi garin a hannu, ta murza, ta shinshina. Toka-toka ne, yana warin murhu. Sai ta ce da ni, "Sakinatu, ɗora tukunya."

Ita ta tuƙa da kanta, ta hana ni taɓa muciya. Ta kwashe a babban kwano, ta zuba miyar kuka, ta kai gaban Sabiru ta ajiye. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya da ita a baki. Tuwon ɗaci gare shi, ga dusa tana kama haƙori. Amma Abdulkabir na zaune, don haka ya haɗiye ya ce, "Kun ji bambanci ko? Wannan shi ne aikin inji."

Inna ta ce, "Ci, Sabiru. Ci ka ƙoshi. Gonar bana ce duka a kwanon nan."

Washegari na je kwashe totuwar da ya zubar a ƙofar gida don in hura wuta, sai na ga injin nasa ma bai iya aikin ba. A kan kowace totuwa ya bar ƙwayoyi uku, huɗu, can a tsini. Na kira Nazira muka zauna muka tsince su ɗaya-ɗaya da farce, muna korar kaji da ƙafa. Suka yi rabin gwangwanin madara. Na kai wa Inna da rawar jiki. Ta juye a tafin hannu ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Waɗannan su nake ba kaji."

Amma ta ƙulle su a bakin zaninta. Ta ce in Allah ya raya su, sai an yi damina huɗu ana zaɓe kafin su koma yadda suke. Ta dube ni ta ce, "Ke za ki gani. Daga bana tare za mu riƙa shiga gonar." Na juya baya don kar ta ga idona.

Da Sabiru ya ji an samu ƙwayoyi, kun san abin da ya ce a majalisa? Wai da gangan ya saita injin ya bar iri. Allah ya isa tsakanina da bakin nan nasa.

Ya dai cika alkawari, ya kawo irinsa na leda mai hoto. Ba zan yi wa irin ƙarya ba, ya fito kore shar, dogo, ya fi Malam tsawo. Sai dai yana son takin zamani kamar me, har sai da Malam ya rabu da akuyar da muke ji da ita. Kuma ba ya sauri. Aka shiga tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, muka share ƙasansa da tsintsiya muka tankaɗe. Masarar Injiniya tana tsaye tana fid da gemu, ko ruwa ba ta yi ba. Layi biyun da Inna ta shuka a gefen katanga sun nuna a kan lokacinsu, ƙanana, wasu da giɓi. Yara suka zagaye su suna haɗiyar yawu. Inna ta ce ko ɗaya ba za a gasa ba, duka na sanda ne.

Muka yi kwana biyu a kan rama da ƙuli. A rana ta uku da hantsi, na ga Inna ta yafa mayafinta na zuwa unguwa. Ta shiga madafi ta ɗauki ƙwarya, ta tura ƙarƙashin mayafin, ta matse da hammata. Na ce, "Inna, kawo ni in je." Ta ce, "Ke yarinya ce, za ki daɗe a garin nan. Bari ni in je." Na bi ta da ido har ta wuce ƙofar gida, ta wuce injin Sabiru da kaza ta riga ta yi ƙwai a cikinsa, ta tsaya a ƙofar maƙwabtanmu. Sai da ta daɗe a tsaye kafin ta yi sallama.

Dawa ce aka ba ta, tsohuwa, duk ƙwari sun huda. Na surfa, na kai inji da kaina, na tuƙa. Lokacin cin abinci sai ga Injiniya, don wannan kam bai taɓa makara ba. Ya zauna yana ba Malam labarin wata na'urar busar da tumatir da hasken rana da yake shirin kawowa. Ya kai loma, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Inna, wannan hatsin na ina ne? Ba irin namu ba ne."

Inna ta ce, "Ba namu ba ne. Na mutane ne. Roƙowa na yi."

Hannunsa ya tsaya a cikin kwanon. Na zuba masa ido, ina jira in ga ko sau ɗaya a rayuwarsa zai sunkuyar da kai. Sai ya ce ai da an gaya masa, da ya san yadda zai yi. Ya ƙara loma.

Yanzu ɗauri shida ne a saman murhu, ni na ɗaure su, Inna na zaune a kujera tana nuna mini da baki, don ƙafafunta sun daina kai ta gona. Turmin da ya taka na mirgina shi ɗakina. Taɓaryar kuwa na bar ta a jingine a ƙofar madafi, kuma na gaya wa Sabiru a gaban yayansa cewa duk ranar da ya sake taɓa sandar nan, da ita zan tare shi.