Malam Dawuda Maiwada da Zangarniyar Sha'ir

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Dawuda a Garun Malam a shekarar 1968, ɗa ne ga Maiwada da Fatsuma, manoma waɗanda ba su taɓa mallakar ko taƙi ɗaya na gona ba. Ya yi karatun aikin gona a Zariya, amma bai samu ƙasar da zai gwada iliminsa ba.

Aure da Zaman Riyad

Ya auri Jamilatu a 1999. A 2011 ya isa Riyad ta Saudiyya da iƙamar direba, wato takardar izinin zama, yana jigilar buhunan sha'ir zuwa garken raƙuman kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, daga baya iyalinsa suka same shi a unguwar Gubaira. A wurin aiki wani ɗan Siriya ya ba shi tafi guda na sha'irin daji, ya shaida masa cewa daga wannan ciyawa mutanen farko na yankin Sham suka samo sha'irin gida, ta hanyar zaɓen zangarniyar da ba ta zubar da ƙwaya.

Shuka a Kan Soro

Dawuda ya ƙudura maimaita aikin nan a cikin bokitai, 'yarsa Raliya tana ban ruwa. A shekarar farko ya jira zangarniya ta bushe sarai kamar yadda ake yi wa gero, sai ta tarwatse, tattabaru suka tsince. Abin da ya rage bai cika cokali ba. Jamilatu takan tsokane shi da Sarkin Noman bokiti, shi kuwa yakan amsa cewa magabata ma ba a shekara ɗaya suka gama ba. Kowace shekara irin yana ƙara raguwa, ƙurar buhuna kuma tana cin huhunsa.

Rasuwa

A Maris na 2018, yana kwance, Raliya ta kawo masa zangarniya ɗaya da ta bushe ba ta zube ba. Ya shafa ta, ya ce, "Ki adana wannan, uwata."

Allah ya karɓi ransa a watan Afrilu, aka yi masa sutura a maƙabartar Nasim. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Kamil, Raliya da Hajar, waɗanda iƙamarsu ta daina aiki da rasuwarsa. Raliya ta ƙulle zangarniyar a bakin mayafinta ranar tafiya gida, domin ta gane cewa wannan iri, tunda ba ya zubewa, ba zai ƙara shuka kansa ba, sai in ita ta shuka shi.