Gashin Zakara a Bakin Kogin Ada

Fita daga Zango

Na bar Zangon Ankara ranar Laraba tun ladan bai yi kiran farko ba, a bazarar da ta biyo bayan watsewar Salga. Ku mutanen Yawuri kun san ni, Mamman ɗan Sarkawa, wanda ya ajiye kwalekwale ya kama fataucin goro har ƙafa ta kai shi bakin teku. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin wannan tafiya, kuma shi zan fara gaya muku.

Inna ce ba lafiya. Tun da ta gangaro daga Salga, inda na fara ajiye ta da muka baro gida, ta zauna wurina ba ta taɓa shiri da abincin bakin teku ba, to da zazzaɓi ya kayar da ita sai ta rufe baki gaba ɗaya. Zazzaɓin ya tafi, cin abinci bai dawo ba. Matata Hawa 'yar Ankarawa ce da ta musulunta, Hausarta irin ta Zango, ba ta raba mace da namiji. Kullum na dawo kasuwa sai ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, Inna bai ci ba yau kuma. Na kai shi koko, ya juya fuska." Kifin teku kuwa ko warinsa Inna ba ta so, kifin gishiri take ce masa. Ina kallo wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara, tsoro ya kama ni ƙwarai.

Rannan da na matsa mata sai ta ce, "Da za ni samu romon giwan ruwa irin na gida, da na sha." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ankara ba kogi, amma fatake sun ce akwai babba a gabas, mu muna ce masa Firau, yana faɗawa teku a garin Ada. Na ce shi ke nan, an zo wurin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in dai kogi ne ni ba baƙonsa ba ne. Na ɗaure ƙugiyoyin mahaifina da igiya da buzu da buta da goro cikin ganye, na kama hanya.

Daga Osu zuwa Farampuram

Hanyar ba ta da ɓata, teku a dama, gari bayan gari a hagu. Na wuce gidan Gwamna a Osu gari bai gama wayewa ba, na bi ta Labadi da Teshi. Wanda duk zai yi tafiyar nan ya bi jiƙaƙƙen yashi kusa da ruwa, ya fi tauri. Busasshen yana cinye ƙafa, ka yi taku uku ya ba ka biyu. Na sayi dokunu, tuwon masararsu da ake naɗewa a ganye, da barkono na kwabo wurin wata mata a Nungwa, na kwana Tema a rumfar wani Bayarbe mai sayar da taba.

Kashegari na haye bakin wani tafki a kwalekwale, kuɗin fito toro, na isa Farampuram da la'asar. A nan akwai 'yan sandan Gwamna masu binciken kaya saboda masu satar shigo da barasa, kuma babbansu Bakano ne mai tsagen baki. Ya kwance ƙunshina ya ga ƙugiyoyi, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, goro ya daina ciniki ne?"

"Giwan ruwa zan kamo wa tsohuwa a Ada."

"A Ada? Yanzu da bazarar nan?" Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Na ba shi goro biyu farare, ya ba ni tabarma a barikinsu. A raina na ce mutumin Kano me ya sani game da ruwa, ban tambaye shi abin da ya haɗiye ba.

Ningo da tafkin gishiri

Daga Ningo zuwa gaba ba inuwa, ba rijiyar kirki. Hanya ta bi wani siririn tudun yashi, teku a wannan gefe, a wancan gefen tafkin da mutanen Ada ke kwasar gishiri, fari fat har ido ya yi ciwo. Mata na tafe da kwanduna a ka, ƙafafunsu duk sun tsage. Na kwana a wata bukkar masu gishiri, na sayi ruwan sha da goro don sun fi son sa da kuɗi. Ranar Asabar da hantsi na hango itatuwan kwakwa, bayansu kuwa ga kogi shimfiɗe, faɗinsa ya kai Kwara a damina. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini, na yi shekaru ban ga ruwa mai gaɓa biyu ba.

Ada

Na sauka bakin ruwa na tsuguna zan yi alwalar azahar. Na kamfata na kai baki don kurkura, sai na furzar. Gishiri! Na matsa gaba na sake ɗiba, gishiri. Na ɗaga kai na dubi wani ganye da ke kan ruwa, sai na ga yana tafiya sama, yana barin teku a baya. Ni da aka haifa cikin jirgi ban taɓa ganin kogi yana komawa inda ya fito ba.

Wani dattijo da ke ɗinkin taru a gindin kwakwa yana ta kallona yana dariya. Sunansa Tete, ya yi shekaru yana kai gishiri garin Kete da ke can saman kogi a jirgi, a can ya tsinci Hausarsa. Na gaishe shi na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Kai Malam, ka zo ba lokaci," in ji shi. "Kogi yanzu ba ƙarfi. Teku shi tura shi, shi shiga ciki, safe da yamma. Kifi naka ba ya son gishiri, ya gudu sama."

"Sama ina?"

"Kwana huɗu da jirgi. Ko biyar. Ka je ma, sai Allah."

Na zauna a kan yashi na yi lissafi da jikin Inna, ba da ƙafata ba. Zuwa da dawowa da neman kifi, sannan hanyar gida, zai kai rabin wata. Yadda na baro ta ba za ta kai ba.

Tete ya ce akwai wani kifi da ke biyo ruwan teku ya shigo bakin kogi, babba, fari, naman jikinsa kamar na wanda nake nema, sai dai yana da wasu dogayen gashi a ƙarƙashin wuya. Ya faɗi sunansa da yarensu, harshena ya kasa ɗauka. Na ce da babu gara ba daɗi. Ya ce zai nuna mini yadda ake kama shi, na ce ya ba ni aron kwalekwale kawai, sauran aikina ne.

Da yamma na yi yadda muke yi a gida. Na sa gutsuren kifi a ƙugiya, na ɗaura dutse, na sake shi ƙasa na zauna jira. Ƙaguwa ta cinye. Na sake sawa, ta sake cinyewa. Har rana ta faɗi ina ciyar da ƙaguwar Ada kyauta, ga ruwa ya janye ya bar kwalekwalen zaune kan laka, sai da na taka cikin taɓo har gwiwa na fito. Tete ya miƙo mini dokunu kawai.

Bakin kogi

Da asuba na sami Tete na ce, "Baba, nuna mini." Ya ɗauki ƙugiyar mahaifina ya juya ta, ya ce ƙirar tana da kyau. Sannan ya fizgi gashin wuyan wani farin zakara, ya jera guda biyar a bayan ƙugiyar, ya naɗe da jan zare ya shafa ƙaro. Na jira ya sa nama, bai sa ba.

"Shi ke nan? Kifi zai ci gashi?"

"Ba ci ba. Shi gani ƙaramin kifi yana gudu, shi fushi, shi kama."

Ya ba ni gwangwala doguwa da ya ɗaura wa zobe a kai, igiya ta bi ta cikin zoben, sauranta a naɗe jikin gora a ƙasan jirgi. Muka tuƙa zuwa inda ruwan kogi da na teku ke haɗuwa, ana ganin layin ƙarara, ɗaya ja-ja ɗaya kore. Ya ce a jira sai ruwa ya fara cika. Ya ce in sa iska a bayana, kada inuwata ta faɗi inda zan jefa, in kuma zuba ido ga fararen tsuntsayen nan, inda suka fara faɗawa ruwa nan ƙananan kifi ke gudun manya.

Jifan shi ne aiki. Gashi ba nauyi, don haka jiƙaƙƙiyar igiyar ce ke kai shi. Sai ka kaɗa ta baya, ka dakata ta miƙe, sannan ka turo gaba. Na farko na kama hulata, na biyu na kusa kama kunnen Tete. Amma hannun da ya saba jefa birgin kamun kifi ba ya daɗewa bai gane ba, kafin rana ta yi zafi ina ajiye gashin inda na so. In ya sauka sai ka bar ruwa ya ɗan ja shi, sannan ka riƙa fizgo igiya da hagu kaɗan kaɗan, fizga biyu ka tsaya, kamar kifin da ya ji ciwo.

Tsuntsaye suka fara faɗawa. Na jefa gefensu, fizga ta uku sai na ji kamar an ɗaura mini jaki. Nan jinin Sarkawa ya motsa, na kafa ƙafa na ja da ƙarfi yadda muke fid da kifi kafin ya shige saiwa. Igiya ta ce tas. Ƙugiyar mahaifina ta tafi.

"Nan ba saiwa, ba dutse!" Tete ya daka mini tsawa. "Ina shi za ya ɓoye? Shi ja, ka ba shi. Shi gaji, ka karɓa."

Ya ɗaura wani gashin a ƙugiya ta biyu, amma ruwa ya riga ya tsaya, tsuntsaye sun watse. Muka koma gaɓa muka jira cikar yamma, ni kuwa ina ta ganin fuskar Inna.

Bayan la'asar muka koma. Na yi jifa ya fi ashirin ba komai, sai can dab da layin ruwan nan biyu aka sake ɗauka. Wannan karon na saki. Igiya ta riƙa fita tana ƙona mini yatsu, gora na birgima a ƙasan jirgi, zuciyata na cewa riƙe, Tete na cewa bari. Da ya tsaya na karɓo kamu goma, ya sake ƙwacewa, na sake ba shi. Ya ja kwalekwalen har muka fara jin tashin raƙuman teku a ƙarƙashinmu. Haka muka yi ta yi, ba na ce ga tsawon lokacin ba, har ya taso ya kwanta a gefe ɗaya yana haki. Tete ya sa maƙata ya ɗago kansa, muka haɗu muka jawo shi ciki. Tsawonsa daga ƙasa ya kai ƙirjina. Na yi kabbara da ƙarfi har masu taru a gaɓa suka waiwayo.

Kafin matar Tete ta ɗora shi a kan wuta ta ƙyafe, na sa wuƙa na yanke gashin wuyan kifin nan kaf, na jefa a ruwa. Tete ya gani, ya ce, "Tsohuwa naka makaho ne?" Na ce a'a. Ya girgiza kai ya ci gaba da hura wuta.

Komawa ta teku

Ban yarda in sake kwana uku a yashi ba. Akwai jirgin gishiri mai filafilan zane da zai tafi Ankara, na biya sule na shiga, ni da na rantse ba zan taɓa hawa teku ba. Na bar wa Tete sauran goron da ƙugiya ta uku, ya ƙi karɓar kuɗi. Ba zan ɓoye muku ba, ɗan Sarkawa ya yi amai tun daga bakin kogi har Tema, matuƙa na yi mini waƙa. Amma kwandon kifin yana ƙirjina, ko da raƙumin ruwa ya watsa mu kan yashin Ankara kashegari da hantsi, ni na jiƙe, shi bai jiƙe ba.

Gida

Hawa ta hango ni ta taho da gudu. "Yana nan, Maigida, yana nan da rai. Ruwa kawai yake sha." Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma sa Inna ta jira ni, na gode wa Tete na Ada da duk wanda ya ba ni tabarma a hanya.

Ni da kaina na tsaya kan tukunya, daddawa da citta da ɗan barkono, ban bari an sa gishiri ko ƙwaya ba. Na tallafo Inna na jingina ta da bango, na miƙa mata ludayi ban ce komai ba. Ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki ta daɗe. Ta ɗauki tsoka ta murza da yatsu tana duban zaren naman. Sannan ta dube ni, irin kallon da take yi mini tun ina yaro.

"Mi ka sa mai ga ƙugiya?"

"Gashin zakara, Inna."

"Gashi. Ba tana, ba nama?"

"Ba komai."

Sai kafaɗunta suka fara rawa, ashe dariya take yi, ta farko tun da ta kwanta.

"Ni ɗiyar Sarkawa za ka kawo ma kifin gishiri ka yi shiru? Tun ga ƙamshi na gane shi." Ta share ido da bakin zane. "Shi ma kifin ai ya ga gashi ne, ya haɗiye, balle ni. Kai wannan, riƙe ƙwaryar da kyau. Ƙaro mini."