Bakaniken Gefen Tashar Jega

Malam Lauwali, dillalin albasa daga Aliero, yana zaune a gefen tashar Jega yana jiran motar Maiyama ta cika. Idonsa ya ƙi barin wani bakanike da ke aiki a kan wata farar Fijo.

Mutumin dogo ne, ramamme, ya ba hamsin baya. Rabin fuskarsa tabon ƙuna ne, fatar ta yi sulɓi, ko gira babu. Da yatsu uku yake riƙe sifana, su kaɗai suka rage masa. Ya ɗaure tukunyar gas a but, ya jawo siririn bututu har kafireto, yanzu yana maƙala maɓalli biyu na ƙara wa motar gudu kusa da sitiyari. Lauwali yana raya wa ransa cewa wannan direba ne a da, kuma gudu ne ya mayar da shi haka.

Mai motar, wani ɗan sumoga mai sabon agogo, sai zagaye yake yi.

"Baba, in na danna wanga na biyu, wa ka iya kama ni?"

"Babu," in ji bakaniken, bai ko ɗago ba. "Amma na farko ya ishe ka. Na biyu, in ka daɗe a kai, injin wuta zai kama."

Ya rufe bonet, ya miƙa makulli. Sai ya hango wata mata a kujerar baya, da goyo.

"Iyalinka ce?"

"Ita ce."

"Don Allah ta sauka ta bi motar haya."

Mai motar ya yi dariya, ya tayar. Matar ta dubi bakaniken, ta gyara goyonta. Ba ta sauka ba.