Saniyar da Aka Tsare Saboda Ƙwallon Turai

Haƙƙin manomi ne a kan hukumar garinsu, idan aka yi masa ɓarna a gona, a zo a duba, a gano wanda ya yi, a ɗora masa. Haƙƙin wanda bai yi ba kuma shi ne a bar shi ya kwana gidansa da dabbarsa. Don waɗannan abubuwa biyu aka kafa kwamitin duba ɓarna a garinmu, kuma ba da jin labari na san haka ba, domin ni na riƙe masa alƙalami shekaru masu yawa bayan na ajiye koyarwa a lakol, wato makarantar boko, har idona ya fara rauni na miƙa wa wani. A daminar bana kwamitin ya kasa sauke ko ɗaya daga cikin biyun. A lokacin da nake wannan rubutu, saniyar maƙwabcina tana ɗaure a furiyar, wato shingen da ake tsare dabbar da ta ci gonar wani, ɗan maraƙinta yana gida yana kuka, za a kuma sayar da ita idan ba a biya tara ba. Laifin da aka ɗora mata, in za a faɗi gaskiya, na masu kallon ƙwallon Turai ne.

Dole in fara bayyana yadda ake kallon ƙwallo a wajenmu, domin wanda bai san wahalarsa ba ba zai gane yadda dattawa masu gemu suka ƙare a cikin wakena ba. Da can sai mutum ya hau moto ya tafi Gazawa ko Agiye, ya biya a gidan kallo, ya zauna a benci, injin wuta ya mutu ana tsakiyar wasa. Da manyan salula suka yawaita, sai aka koma kallo ta intanet a shafukan da ba a biya. Amma forfe, wato damar shiga intanet da ake saya a salula, na kamfanonin nan gida ba ya kai mutum hutun rabin lokaci. Ana cikin kai hari sai hoto ya tsaya, ɗan wasa ya daskare da ƙafa ɗaya a sama, saƙo ya shigo cewa a sake saye. Kowa ya san layin waya na Najeriya ya fi araha nesa ba kusa ba, musamman tun da kuɗinsu ya yi sauƙi a hannun 'yan canji, kuma kusan kowane magidanci yana da ɗaya a aljihu saboda cin kasuwannin ƙetare. Matsalar ita ce rezo ɗinsu, wato sabis ɗin da salula ke kamawa, ba ya isowa garinmu. Haka dai muka ɗauka.

Gonata tana kudu da gari, a kan wani tudun yashi mai gawo ɗaya a tsakiya. Bana wake zalla na shuka a cikinta, bisa shawarar malamin gona, wato ma'aikacin da gwamnati ta ajiye mana don ya koya mana noma. Da waken ya fara yaɗo na ga ƙwarin ɗarɓa a ganyensa, sai na gayyato shi ya duba. Wannan gayyata ita ce mafarin komai. Yana tsaye kusa da gawon yana juya ganye, sai salularsa ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ya ciro ta, ya duba, ya ɗaga ta sama, ya matsa gabas, ya dawo yamma, fuskarsa ta cika da annuri irin wanda ban taɓa gani a kanta ba a wajen aiki.

Na ce, “Malam, ɗarɓar fa?”

Ya ce, “Mushe, ka san abin da Allah ya ba ka a gonar ga? Rezon Najeriya ne, cike!”

Mushe ake kirana tun ina koyarwa, kamar kowane malamin lakol. Na ce masa ban shuka shi ba. Ya yi dariya ya tafi, bai rubuta mini magani ba. Kafin magariba labari ya gama teburin mai shayi.

Wanda ya tsara kakar wasan Turai bai yi shawara da manoma ba, shi ya sa take farawa a tsakiyar damina, daidai lokacin da wake ke fure. Asabar ta farko bayan la'asar na tarar da mutum kamar goma a gindin gawon, sun haɗa kai a kan salula ɗaya. Asabar ta gaba sun ninka. Daga nan aka shiga zuwa da tabarmi, da butar shayi, da amalanken jaki ɗauke da batir na caji. Mutum ɗaya ke sayen forfe ya raba wa sauran ta iska, su kuma su haɗa masa abin da ya samu. Na yarda tsari ne mai araha. Ban taɓa ganin mutanen garinmu sun haɗa kai a kan wani aiki da irin wannan natsuwa ba, har da gyaran rijiya.

Da a wuri ɗaya suke zama, da na haƙura da gindin gawon. Amma rezon ba ya tsayawa. Idan hadari ya taso ko iska ta juya, sai ya bar gindin itacen ya koma wani gefe. Sai mai salula ya miƙe, ya ɗaga hannu sama, ya yi ta tafiya yana neman sa, jama'a kuma su bi shi a baya, ido a sama, ƙafa a kan wake. Inda ya tsaya nan za a durƙusa. Idan aka ci ƙwallo, rabin taron ya yi tsalle, rabin kuma ya zube ƙasa don baƙin ciki, kuma ban iya tantance wanne ya fi yi wa shuka illa ba. Cikin 'yan makonni gonar ta cika da hanyoyi masu lanƙwasa, sak irin waɗanda garke ke bari.

Na yi musu magana da ladabi. Na tsaya a gabansu wata Asabar na ce, “Jama'a, wannan gona ce.”

Mahaucin garinmu, wanda na koya wa karatu da hannuna, ya ce, “Mushe, don Allah ɗan gusa, kanka na tare rezo.”

Tela ya ce, “Ku bar shi, ƙungiyarshi ce ba ta cin komi, shi ya sa yake hushi.”

Ba ni da ƙungiya. Na faɗa musu haka, suka ce wannan ya fi muni.

Sai na bi hanyar da na sani. Na rubuta ƙara, na kai wa mai gari, na nemi kwamiti ya fito. Sabon magatakarda, wanda ya gaje ni, ya yi mini tambayoyin da ni ma na sha yi wa mutane: babbar dabba ce ko ƙarama, da rana ne ko da dare? Na ce da rana ne, kuma manya ne, har da masu jikoki, amma ba dabbobi ba ne. Ya ɗaga alƙalami ya dube ni. Ya ce tun da aka kafa kwamitin, ɓarnar gona ta dabba ce, bai san inda zai sa mutum ba. Mai gari ya ce a je dai a gani da ido, ya sa ranar Asabar bayan la'asar. Na ce, “Ranka ya daɗe, ko a mai da ita Talata da safe?” Ya ce 'yan kwamiti sun nuna Asabar ta fi musu sauƙi.

Suka zo cikakku, abin da ban taɓa gani ba duk zamanin da na yi ina aika musu kira: wakilin mai gari, wakilin manoma, wakilin makiyaya, magatakarda, da malamin gona a gaba yana nuna hanya. Lallai ya san hanyar. Muka tarar da taro ya fi na kullum, domin masu jar riga ne za su kara da masu shuɗiya. Na yi murna a raina, na ce yau ba sai na kawo shaida ba, ga masu ɓarna a kan ɓarnarsu. Na fara nuna wa wakilin manoma reshen da aka tattake. Ya ce, “Ash, ash, Allah ya mayar da alheri,” amma idonsa yana kan kafaɗar tela. Aka jima kaɗan na waiwaya, ban ga kwamiti ba. Sun narke a cikin jama'a. Igiyar awon da suka zo da ita tana yashe a kan kunyar wake, wakilin mai gari kuma yana tambaya ko wancan mai gudun shi ne aka saya da tsada.

A nan ne saniyar ta shigo labarin. Maƙwabcina na gabas dattijo ne da kowa ke kira Baffa. Kakanninsa makiyaya ne daga arewa, amma shi a nan aka haife shi, noma yake yi kamar kowa, abin da ya rage masa na gado saniya ɗaya ce mai shayarwa, wadda iyalinsa ke sayar da nononta. Mutum ne mai tsoron a kai shi ƙara. Duk damina a turke take, a cikin gonarsa, ciyawa yake yanko mata. Ran nan ma tana ɗaure kusa da iyakarmu. Ana dab da tashi masu jar riga suka ci, taron ya kwatsa ihu gaba ɗaya, wani ya buga bokitin ƙarfe. Saniyar ta firgita, ta tsinke igiya, ta ratsa ta kusurwar gonata a guje, ta fita ta ɗaya gefen ta tsaya tana haki. Ko ganye ɗaya ba ta ɗanɗana ba. Ina wurin, da idona na gani.

Aka busa tashi, kwamiti ya dawo hayyacinsa, ya tuna abin da ya kawo shi. Malamin gona ne ya fara ganin sawun kofato. Ya kira sauran, suka kewaye shi suna dubawa kamar an tono zinariya.

Magatakarda ya ce, “Alhamdu lillahi. Babbar dabba, da rana.”

Na ce, “Sawun takalma fa? Ga su nan ko'ina, har da naka.”

Ya ce, “Mushe, kai ka koya mini aikin ga. Sawun takalmi na masu bincike ne.”

Wakilin makiyaya ya buɗe baki zai yi magana, amma masu jar riga yake goyon baya, muryarsa ta dushe da ihu, ba a ji abin da ya ce ba. Aka auna gonar tun daga gawon har iyaka, aka rubuta duka a kan saniya ɗaya, aka ja ta zuwa furiyar. Mutanen da suka tattake waken su ne suka raka ta, suna tafe suna gardamar ko ƙwallon ta halatta.

Washegari na je na ce na janye ƙarata, na yafe waken duniya da lahira. Aka ce an riga an buga hatimi, kuma tarar ba tawa ba ce ni kaɗai, akwai rabon hukuma da kuɗin tsaro, wanda ke ƙaruwa muddin saniyar na kwana a can. Mai gari ya ja ni gefe ya ba ni shawara irin ta manya: in bar maganar ta mutu, baɗi kuma kada in shuka komai a tudun, tunda Allah ya nufe shi da wani amfanin da ya fi wake. Ya ƙara da cewa ana tunanin kafa rumfa.

Daga nan na wuce gidan Baffa. Na same shi tsugune yana ɗura wa maraƙin kunun dusa da ludayi, maraƙin yana kawar da kai. Haƙarƙarinsa sun fara fitowa. Muka gaisa har ƙarshe, bai rage ko gaisuwa ɗaya ba.

Sannan ya ce, “Mushe, kai da ka yi karatu, tambaya gare ni. Saniyar tawa, masu ja take so ko masu shuɗi?”

Na ce, “Baffa, ka gafarce ni, ban kai ƙararka ba.”

Ya ce, “Na sani. Amma in ka je can ka ce su riƙa tatsarta, ko su sha nonon, na ba su. In ba a tatsa ba zai ƙafe.”

Na je na faɗa. Mai gadin furiyar ya ce aikinsa tsaro ne, ba tatsa ba. Tun daga ranar kullum sai na bi ta wurin. Tana tsaye a rana, ta juya kai wajen gabas tana kuka. Ranar Asabar kuwa ko mai ba ta ruwa babu, domin mai gadin ma yana gonata.

Na yi wa gwamnati aiki tsawon ƙuruciyata, ban taɓa sa hannu a kan abin da ban gani ba, ba kuma zan karɓi diyyar wake daga hannun wanda bai taɓa shi ba. Ba na gaba da ƙwallo. Na fahimci talaka yana da haƙƙin ya ga abin da duniya ke gani ba tare da ya sayar da akuyarsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kallon ya yi araha, alhali an tura kuɗinsa ne kan dabbar da ba ta iya magana da dattijon da ba ya son ƙara.

Saboda haka, da girmamawa, ina roƙon hukumar da ke sama da kwamitinmu abubuwa kamar haka. A saki saniyar nan take, a mayar da ita ga maraƙinta tun yana iya tsayuwa, a kuma soke tara da kuɗin tsaron da aka ɗora wa mai ita. A turo masu bincike daga wani gari, waɗanda ba su da ƙungiya, su sake duba gonar, su tambayi kowane ɗan kwamiti inda yake tsaye da abin da idonsa ke kallo a lokacin da igiyar ta tsinke. A kuma yanke a rubuce cewa ɓarnar da mutum ya yi da ƙafarsa ɓarna ce, ko da salula a hannunsa. Ina nan a shirye in ba da shaida da rantsuwa duk ranar da aka kira ni, ina kuma roƙon a gaggauta, domin maraƙin jiya bai tashi da kansa ba, sai da aka ɗaga shi.