Matakalar Bakin Gulbi

Ina cikin ruwa har gwiwa a fadamar Zauro, ina cire ciyawa daga shinkafarmu, sai na hango kafintan unguwarmu yana turo keke a kan gaɓa. Mutumin ƙasar Jos ne, Kirista, shi ke yi mana gyaran jirgi idan ya tsage. Bai taɓa zuwa gonarmu ba. Ya jingine keken, ya shigo ruwa da takalminsa, ko wando bai naɗe ba.

Ya ce, "Ɗan'uwa, fito mu je gida. Yayanka ya faɗi a matakala."

Na ce, "Ya ji ciwo?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sai haƙuri."

Ana saura 'yan kwanaki a karɓi mulkin kai ke nan. An daɗe, amma har yau idan na tuna matakalar nan raina yana ɓaci kamar ranar.

Mu masunta ne tun kakanni. A shekarar aka ce za a yi tseren jirage a Argungu don murna, kowane gari ya kawo jirginsa. Manyan Birnin Kebbi suka zaɓi mutum goma sha biyu, har da ni da Yayana. Shi ne a goshin jirgi, da bugun filafilinsa kowa ke tuƙi. Ni ina zaune a bayansa. Sai manyan suka ɗora mana wani tsohon soja da ya yi yaƙi a ƙetare, kowa Saje yake ce masa. Mutumin nan bai taɓa riƙe filafili ba, ko iyo bai iya ba. Ba a tambayi ko ɗayanmu ba.

Saje ya ce ƙarfin tuƙi daga cinya da numfashi yake fitowa, haka ya ga Turawa suna horar da matuƙansu. Akwai wata matakala ta siminti daga bakin gulbi zuwa tudu, inda 'yan dako ke hawa da buhunan shinkafa zuwa sito. Taki arba'in da biyu ce. Kullum bayan sallar asuba sai mu hau ta a guje, mu sauko a hankali, har sau ashirin, shi yana sama da usur a baki. Ya kafa doka, duk wanda ya tsaya ya bar gurbinsa a jirgi ke nan.

Ba zan ce abin bai yi amfani ba. Cikin mako uku cinyoyinmu suka yi tauri, numfashinmu ya ƙaru. Amma akwai abin da Saje bai sani ba, kuma bai nemi sani ba. A cikin jirgi, idan mutum ya gaji, sai ya ɗora filafilinsa a kan gwiwa, na bayansa ya ƙara ƙarfi ya rufe masa. Ba mai magana, ba mai waiwaye, na bakin gaɓa ma ba zai gane ba. Haka muka tarar ana yi, ba abin kunya ba ne. A matakala kuwa kowa da ƙafarsa, ba yadda za ka hau wa ɗan'uwanka taki ko ɗaya. Kuma a idon jama'a ake yi. 'Yan dako da masu ɗibar ruwa sukan jeru a sama suna dariya.

"Ku taho ku ga kifi bisa tudu!"

"Kai na baya, ko a kawo maka jaki?"

Yayana ba shi da lafiya tun daminar da ta gabata. Da yamma ƙafafunsa sukan kumbura, idan ya yi aiki kaɗan sai ya dafe ƙirji. Ni kaɗai na sani, domin ni ke rufe masa a jirgi, har ya kai wata shida ina yin tuƙin mutum biyu. Da aka fara hawan matakala sai na riƙa rage gudu ina tafiya kafaɗa da shi, don kada a ga shi ne na ƙarshe.

Wata rana da la'asar muna ɗinkin komar kamun kifi a ƙofar gida, na ce, "Yaya, ka bari in gaya wa Saje."

Ya ce, "Ka gaya mai mi?"

"Zancen ƙirjinka."

Ya ajiye zaren, ya dube ni. Ya ce, "Ni na koya maka riƙon filafili kana majina. Yanzu kai ka tashe ni daga goshin jirgi gaban 'yan dako?" Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. "In ka buɗe bakinka, kar ka koma ce mini Yaya."

Ban gaya wa Saje ba. Ina jin haushinsa kan wannan maganar har yanzu, duk da yana kabari. Ya san ba zan iya tsallake ta ba, shi ya sa ya faɗe ta. Yana da mata da 'ya'ya uku, amma dariyar 'yan dako ta fi tsaya masa a rai.

Ranar da abin ya faru na nemi izinin zuwa gona. Gaskiya ciyawar za ta iya jira. Na gaji ne da jin numfashinsa a kunnena. Waɗanda suke wurin sun ce a hawa na goma sha shida ne, saura taki kaɗan ya kai sama, sai ya zauna ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Matuƙan suka gane nan take, suka tsaya. Saje bai gane ba. Sau biyu ya busa masa usur, yana cewa, "Tashi, babu zama!" Kafin a sauko da shi rai ya yi halinsa.

Muka rufe shi bayan azahar. Gari bai fasa komai ba. Ana kafa tutoci, ana gwajin kiɗa, muna zaman makoki muna jin ganguna. Ɗaya daga cikin manyan da suka zaɓe mu ya zo gaisuwa da babbar riga, ya ce mu yi alfahari, marigayi ya rasu yana hidimar ƙasa. Na dubi ƙasa don kada in faɗi abin da zai ja wa mahaifiyarmu magana. Wace hidima? Mutumin da ya shekara talatin a kan ruwa bai nitse ba, aka kai shi kan siminti ya mutu ana yi masa dariya. An yi tseren, an sa wani a goshin jirgi, an sa wani a gurbina. Ban je Argungu ba, ban tambayi wanda ya ci ba.

Ranar sadakar uku Saje ya zo. Ya jira har mutane suka watse, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gabana, ga shi ya girme ni nesa ba kusa ba. Idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Ƙanena, don Allah ka gaya mini gaskiya. Ko yana da wani ciwo da ban sani ba? Da na sani, wallahi ko taki ɗaya ba zai hau ba."

Na san gaskiya yake faɗa. Na kuma san idan na ce masa e, to, nauyin ya sauka daga kansa ya dawo kaina. Na dube shi ido cikin ido, na ce, "Lafiyarsa ƙalau har ka zo."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya yi addu'a, ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita. Daga ranar bai sake horar da kowa ba. An ce ko hanyar gulbi ya daina bi. Idan muka haɗu a kasuwa shi ke fara gaishe ni, ni kuwa in amsa a taƙaice, domin ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin kaina idan na gan shi.

Yanzu ya tsufa ƙwarai, yana zaune wurin ɗansa a unguwar Badariya, idonsa ba ya gani sosai. Na san gidan. Sau biyu ina kai wa bakin layin ina juyowa. Har yau ban gaya masa cewa Yayana yana da ciwo ba.